Farautar rakun a Amurka: Idan na'ura ta ɗauke wa maharbi gudu

Hausawa na cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Karin maganar nan ta faɗo mini a rai a makon jiya, lokacin da na kalli faifan bidiyon wani maharbi a Amurka wanda ya ci nasa zomon ko zufa ba ta karyo masa ba. Da rana tsaka, cikin hunturu, ya isa gindin wata ƙatuwar bishiya mai kogo, ya ajiye wata 'yar na'ura mai kama da rediyo, ya ja da baya ya laɓe, sannan ya latsa maɓallin da ke hannunsa. Nan take daji ya kaure da ƙara da gurnani, kai ka ce dabbobi biyu ne ke neman hallaka juna. Ba a jima ba sai ga wani kai ya leƙo daga kogon, daga nan dabbar ta fito ta kamo gangarowa, kanta a ƙasa, tana neman inda ake faɗan. Harsashi ɗaya ya gama zance. Mutumin ya ɗauki na'urarsa ya nufi bishiya ta gaba.

Mai karatu, dabbar da ake magana a kanta ita ce rakun, wadda asalinta Arewacin Amurka ne, kuma babu ita a dazuzzukanmu. Ta ɗara ƙaton muzuru girma, gashinta toka-toka, wutsiyarta da zobba baƙaƙe, fuskarta kuma da baƙin zane a kan idanu kamar ta ɗaura ƙyalle. Yatsun hannunta biyar ne, tana buɗe murfin kwandon shara da sakatar akurkin kaji da su. Sunan ma daga harshen ƙabilar Powhatan ya fito, 'yan asalin yankin Bajiniya, kuma yana nuni da yadda take murza abu da hannuwanta. Da dare take kiwo, ta ci 'ya'yan itace da masara da kwaɗi da ƙwan tsuntsaye, da rana ta shige kogon bishiya ta kwanta. Idan sanyi ya tsananta takan yi kwanaki ba ta fito ba.

Farautar rakun tsohuwar al'ada ce a karkarar Amurka, musamman jihohin Kudu, kuma da karnuka aka san ta. Akwai nau'o'in karnuka da aka yi shekaru aru-aru ana renonsu domin wannan aiki kaɗai, irin su Treeing Walker da Bluetick da Redbone. Da dare ake sakinsu, su bi sansanar dabbar har ta haye bishiya, su tsaya a gindi suna haushi. Maharbi kuwa sai ya bi sautin, ya ratsa fadama da ƙaya da rafi cikin sanyi, da fitila a goshi. Idan ganye ya ɓoye dabbar, sai ya ciro wani ɗan usur da ake hurawa da baki ya kwaikwayi kukan rakun mai faɗa, ko ta waigo hasken fitila ya kama idanunta. Har gasa ake shiryawa a ƙarƙashin ƙungiyoyin masu karnuka, inda ba a ɗaukar bindiga, maki kawai ake ba karen da ya fara kama sawu da wanda ya fara tsare bishiya, dabbar kuma a bar ta da ranta.

Fata ce ta daɗe tana riƙe da wannan sana'a. A kakar farauta ta 1976 zuwa 1977 an kashe rakun kusan miliyan 5.2 a Amurka, adadin da ba a sake kaiwa ba. Daga baya kasuwar fata ta karye, mafarauta suka ragu, dabbar ta ƙara yaɗuwa har cikin birane. Ana kuma cin namanta a wasu yankuna: garin Gillett na Jihar Akansas yana shirya walimar naman rakun duk watan Janairu, kuma 'yan siyasa na halarta. A 1926 ma an aika wa Shugaba Calvin Coolidge wata daga Misisipi domin a dafa masa, sai ya ƙi, iyalinsa suka riƙe ta a fadar gwamnati suka raɗa mata suna Rebecca.

To, na'urar kira ce baƙuwa a wannan tsohon fage. Lasifika ce mai batir wadda aka ɗora wa sautukan dabbobi na gaske da aka naɗa, wata tana ɗauke da ɗaruruwa, kuma ana sarrafa ta daga nesa. Kamfanoni irin su FoxPro na Jihar Fensilbeniya sun yi suna wajen ƙera ta. Sauti biyu aka fi yi wa rakun amfani da su. Na farko ƙarar rakun biyu suna faɗa, wanda ke tunzura dabbar ta fito ta ga wanda ya shigo mata gida, musamman daga Janairu zuwa Maris lokacin barbara, sa'ad da maza ke cike da kishi. Na biyu kukan ɗan rakun da ya faɗa cikin wuya. Da waɗannan sautuka mutum ba ya bukatar kare, ba ya bukatar dare, ba ya bukatar iya kwaikwayon komai. Sanin bishiya mai kogo da cajin batir sun wadatar.

Kafin in faɗi abin da ke damuna, adalci ne in kawo hujjar masu wannan hanya, domin tana da ƙarfi. Rakun ba ta cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu. Tana ɓarna a gonakin masara, tana shanye ƙwan talotalon daji da na kunkurun teku, kuma a gabashin Amurka tana cikin manyan masu yaɗa cutar haukan kare. Ɓarnarta ta sa wasu jihohi, kamar Jojiya, suka buɗe farautarta duk shekara a filayen da ke hannun masu su. Inda aka kai ta baƙunta ma ta zama alaƙaƙai: a 1934 aka saki guda huɗu a bakin tafkin Edersee na Jamus, yau ta cika ƙasar, har Tarayyar Turai ta sa ta cikin jerin baƙin dabbobi masu cutarwa a 2016. Masu na'urar suna ƙara da cewa dabbar da ta fito fili da rana ana ganinta sarai, harbi ɗaya ya kashe ta, wanda ya fi sauƙi a kanta bisa ga a bar karnuka su yayyaga ta. Dattijon da ƙafa ta gaza, da matashin da ba shi da kuɗin renon kare, duk sun samu shiga.

Ba zan kuma ce laifin na'urar shi ne yaudara ba, don kuwa farauta ba ta taɓa rabuwa da yaudara ba. Maharbin ƙasar Hausa yakan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya duƙa yana tafiya yana kaɗa kai kamar tsuntsun, har ya kusanci barewa ba ta ankara ba. Amma a dubi abin da wannan dabara ke ci kafin ta biya. Sai mutum ya yi shekaru a bayan ubansa yana koyon tafiyar burtu, ya san inda iska ke kaɗawa, ya jure zafin rana da ciwon gwiwa, kuma duk da haka sau da yawa ya dawo gida hannu rabbana. Wahalar nan ita ce katangar da ta tsare daji. Gwanaye kaɗan ne a kowane gari, ƙarfinsu na da iyaka, don haka abin da suke ɗauka ba ya wuce abin da daji ke iya mayarwa. Na'urar kira ta rushe wannan katanga. Ba ta gajiya, muryarta ba ta dushewa, ba ta kuskuren sauti, kuma wanda ya saye ta da safe ya zama gwani kafin azahar.

Amurkawa sun gane haka, shi ya sa inda wahala ta kau suka gina doka a gurbinta. Dokar tarayya ta daɗe da haramta amfani da sautin da aka naɗa ko aka ƙara wa ƙarfi da lantarki wajen farautar agwagi da dinya da sauran tsuntsaye masu ƙaura, kuma jihohi da dama sun hana shi a kan talotalon daji. Wurin da aka sassauta ma darasi ne. A 1999 aka halatta na'urar a kan wata farar dinya da ta yi yawa har tana cinye ciyayin da take hayayyafa a cikinsu a arewacin Kanada, kuma an yi haka ne da niyyar rage ta. Wato hukuma da kanta ta ɗauki na'urar a matsayin makamin rage yawan dabba. Ana ƙyale ta a kan rakun ne saboda rakun ta yi yawa, kuma akwai lasisi, akwai jami'an daji masu kamu, akwai masu ƙididdiga. Tun 1887, lokacin da Theodore Roosevelt da abokansa suka kafa ƙungiyar Boone and Crockett, mafarautan ƙasar ke muhawara a kan ƙa'idar nan ta cewa dole a bar wa dabba kafar tsira.

Idan ana son ganin abin da na'urar ke yi inda doka ta yi rauni, sai a dubi gaɓar tekun Bahar Rum. Tarayyar Turai ta haramta farautar tsuntsaye da sautin da aka naɗa tun 1979, amma a wurare kamar Saifurus da Misira ana shimfiɗa raga, a kunna lasifika ta kwana tana kukan salwa da na ƙananan tsuntsaye, waɗanda suka gaji da ƙetare teku su sauko su faɗa. A 2015 ƙungiyar BirdLife International ta ƙiyasta cewa ana kashe tsuntsaye kusan miliyan 25 ba bisa ƙa'ida ba duk shekara a ƙasashen da ke kewaye da wannan teku. A nan ne zancen ya fara shafarmu kai tsaye, domin da yawa daga cikin waɗannan tsuntsaye yankinmu na Sahel suka nufa. Su ne baƙin da ke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru da gaɓar Tafkin Chadi su yi hunturu tare da mu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, yau ba sai an yi odar komai daga Amurka ba. Wayar hannu da 'yar lasifikar Bluetooth da ake sayarwa a kowace kasuwar ƙauye sun isa su yi wannan aiki, kuma sautin zabon daji da fakara da kurciya yana nan birjik a intanet. Dajinmu kuwa ba rakun ce ta cika shi ba. Mariri ya ƙare ƙaf a daji, har aka ayyana haka a shekarar 2000, sai a 2016 aka fara dawo da shi Chadi daga wuraren kiwo na ƙasashen waje. Raƙuman dawan Kure a Nijar sun ragu zuwa 49 a 1996 kafin a ceto su. Mota da bindigar zamani na cikin manyan abubuwan da suka jawo haka, wato kayan da suka ɗauke wa maharbi gudu. Dattawan garuruwanmu za su iya lissafa namun da suka gani a bayan gari suna yara waɗanda jikokinsu ba su taɓa gani ba sai a hoto.

Addininmu ma bai bar wannan fage babu ƙa'ida ba. Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, amma littafin Risala da almajiranmu ke karantawa a zaure ya bayyana cewa farauta don wasa kawai makaruhi ce. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a wata tafiya, ta zo tana shawagi cikin firgici, Manzon Allah (SAW) ya nuna rashin jin daɗinsa ya umarce su da su mayar mata. Duk wanda zai kunna kukan jaririn dabba domin ya janyo uwa zuwa bakin bindiga, ya kamata ya tsaya ya auna aikinsa da wannan ruwaya.

Shawarata guda uku ce. Ma'aikatun muhalli na jihohinmu su duba dokokin namun daji, waɗanda tushensu ke komawa ga dokar Jihar Arewa ta 1963, su shigar da haramcin farautar tsuntsaye da sautin na'ura tun abin bai zama sana'a ba. Na biyu, a jawo Sarakunan Baka da Sarakunan Dawa da ƙungiyoyin mafarauta cikin maganar, domin su ne suka san wanda ke shiga daji, kuma maganarsu ta fi takardar ofis shiga kunnen yaransu. Na uku, inda wata dabba ke ɓarna a gona har ake bukatar rage ta, a ba da izini na musamman mai iyakar lokaci da adadi, kamar yadda aka yi wa farar dinyar Amurka.

Wanda ke da rakun miliyoyi a bayan gida yana da sararin yin gardama a kan ko latsa maɓalli farauta ce. Mu 'yan zabin da suka rage mana a daji ba za su jure wannan gwaji ba, kuma ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba shugabanninmu da mafarautanmu ikon yin abin da ya dace a kan lokaci. Mu haɗu a mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.