LAFIYA UWAR JIKI: Mai taɓin hankali majinyaci ne, ba ɗan kaso ba

A ƙauyukan Matameye da Kance, idan hankalin mutum ya taɓu, dangi sukan rasa yadda za su yi. Wasu su sa shi a turu. Wasu su kai shi gidan mari, su dawo gida su yi shiru. Tambayar ita ce: wane ne yake da ikon tsare mutum ba da sonsa ba?

Abin da ya faru a Daura, maƙwabciyarmu, ya isa darasi. A watan Oktoba na 2019, ƴan sandan jihar Katsina sun shiga wani gidan mari a garin. Sun fito da mutane fiye da 60, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Dangi ne suka kai su don neman gyara. Abin da suka samu shi ne duka da yunwa.

Ƙasashe sun daɗe da yin doka a kan wannan magana. A Faransa, dokar 1838 ta buɗe hanya biyu. Ta farko, dangi su nema, tare da takardar likita. Ta biyu, farfe ya ba da umurni idan mutum ya zama haɗari ga jama'a. Likitan asibiti kuma sai ya sāke duba shi bayan kwana 15, ya rubuta abin da ya gani. An canza dokar a 1990. A Nijeriya, shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar doka a watan Janairu na 2023, a madadin ta 1958, don kare haƙƙin majinyaci. Manufar duka ɗaya ce: tsarewa don magani ce, kuma tana da iyaka.

To, mene ne ya kamata dangi su yi?

Da farko, a kai majinyaci asibitin Matameye da wuri. Zazzaɓi mai tsanani, sanƙarau, farfaɗiya da shan ƙwaya irin su tramol, duk suna iya rikita hankali. Likita ne zai gane.

Na biyu, idan ciwon ya fi ƙarfinsu, za su tura shi babban asibitin Damagaram. A Yamai ma akwai sashen masu taɓin hankali a babban asibitin ƙasa.

Na uku, wani ɗan'uwa mai haƙuri ya zauna tare da shi. Ya tambayi likita: don me aka riƙe shi? Yaushe za a sāke duba shi? Yaushe za a sallame shi?

Na huɗu, idan yana neman ji wa kansa ko wani ciwo, a kira mai gari da jandarma su taimaka a kai shi asibiti. Ba duka, ba wulaƙanci.

Na biyar, kada a sayar da gonarsa ko bisashensa don yana kwance. Dukiyarsa tasa ce, amana ce a hannun dangi.

Bayan sallama, a ci gaba da ba shi magani yadda likita ya faɗa. Da yawa sun samu sauƙi, sun koma gona da kiwo. Ciwon da ya sami ɗan wani yau, gobe yana iya shiga kowane gida.