A BAR YARANMU SU KARANCI ƘASAR DA TA HAIFE SU

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, wata magana ce ta cikin gida da ta hana ni barci, na ga ya dace in fito da ita fili, domin na tabbata ba gidanmu kaɗai ta shafa ba.

'Yata ta fari, wadda kun san ba zan iya kama sunanta ba, ta gama digirinta a fannin labarin ƙasa, ta yi bautar ƙasa ta dawo mana Kanya Babba. Sai ta ce tana son neman gurbin digiri na biyu a Jami'ar Bayero ta Kano, a Cibiyar Binciken Noma a Tsandauri da ake kira CDA, ta karanci kula da albarkatun ƙasa da sauyin yanayi. Mahaifinta ya rasu, don haka maganar ta je gaban baffanta. Ya saurare ta tsaf, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Wannan wane irin karatu ne mai kama da fate-fate? Ba likita ba, ba lauya ba, ba malamin gona ba. In ta gama me za a kira ta?" Na ce, "Yaya, a ba ni lokaci in bincika." Ni da iyakata sakandare, sai ga ni ina bin takardun yarinya ina tambayarta kamar 'yar aji ɗaya.

Abin da na gano shi ne, wannan haɗe-haɗen da Yaya ya raina shi ne amfanin karatun. An kafa cibiyar a shekarar 2012, kuma a 2014 ta shiga cikin cibiyoyin da Bankin Duniya ya zaɓa ya tallafa wa a Afirka, har ɗalibai daga wasu ƙasashe suna zuwa karatu. A can masanin ƙasar noma da masanin dabbobi da masanin tattalin arziki da masanin labarin ƙasa suke haɗuwa a kan matsala ɗaya. Dalili kuwa a fili yake, matsalar da ke damunmu ba ta san an raba jami'a sashe-sashe ba.

Mai karatu, ɗauki misalin gawo. Kowane ɗan ƙauye ya san gawo yana zubar da ganye da damina, ya tofo da rani, shi ya sa ba ya yi wa gero inuwa, kuma geron da ke ƙarƙashinsa ya fi kyau. Wannan aikin masanin tsirrai da ƙasa ne. To amma me ya sa manomin da ya san haka zai sare shi? Wataƙila babu kuɗin cefane, mai sayen itace kuma yana bakin hanya da mota, ka ga mun shiga tattalin arziki. Wataƙila yana tsoron makiyayi ya zo ya sassare rassan ya ba dabbobi, rigima ta tashi, ka ga mun shiga zamantakewa da maganar burtali. Wataƙila kuma gonar aro ce ko jingina, ba ya ganin dalilin renon itacen da wani zai ci moriyarsa, ka ga mun shiga shari'a da gado. Wanda ya karanci ɗaya kawai daga cikin waɗannan zai kawo maganin da ba zai kama ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba tatsuniya nake yi ba, abin ya faru a maƙwabtanmu. A jihar Maraɗi ta Nijar an daɗe ana dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 wani Bature ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sharewa lokacin sassabe, tohon kututturan itatuwa ne da saiwarsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi 'yan rassa aka bar su, aka rage sauran, sai itace ya tashi ba tare da an sayi dashe ko an yi ban-ruwa ba. Hausawan can suka sa wa dabarar suna sassaben zamani. Amma ba ta bazu sosai ba sai da manoma suka samu tabbacin cewa itacen da suka rena a gonarsu nasu ne, ba na malamin daji ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman jihohin Maraɗi da Damagaram. Daga Babura zuwa iyakar jihar Damagaram ɗin nan ba wata tafiya ba ce. Rabin nasarar ilmin itace ne, rabi kuma sanin halin mutane da doka.

Wani abin da ya ƙara sosa mini rai shi ne labarin Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar da labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da kuma Jami'ar Bayero. Ya yi shekaru yana komawa ƙauyen Dagaceri da ke cikin Jihar Jigawa ta yanzu, yana bin yadda talakawa suka tsira daga farin shekarun 1970 da na 1980, har ya fitar da littafi a kai a 1989. Ya nuna wa duniya cewa manomin ƙasar Kano ba jahilin da ke kashe ƙasarsa ba ne, mutum ne mai dabarar kai taki da haɗa shuka da barin itatuwa a gona. Allah Ya sani na yaba masa. Amma jama'a, har yaushe za mu zauna sai baƙo ya zo ya rubuta hikimar kakanninmu, mu kuma muna hana jikokinsu karantar ta? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Garinmu ma sunan itace yake amsawa, amma yaran yanzu nawa ne suka tsinci kanya suka sha kamar yadda muka yi muna ƙanana?

Ba zan yi wa Yaya rashin adalci ba, yana da hujjojinsa. Ya ce karatun zai ci kuɗi, gaskiya ne. Ya ce yarinya ta isa aure, wannan ma gaskiya ne, sai dai aure bai hana karatu ba in an samu mai fahimta. Ya ce ina aikin yake? Nan ba zan yi masa alƙawarin da ba ni da iko a kai ba, domin mun ga masu digiri iri-iri suna zaune. Abin da na sani shi ne, Tarayyar Afirka ta amince da shirin ganuwar itatuwa a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, kuma Jigawa na cikin jihohi 11 da ke bakin hamada da shirin ya shafa. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Irin waɗannan ayyuka dole wani ya tsara su, ya auna su, ya shiga gida-gida ya yi magana da mutane. In babu namu, za a kawo wanda bai san bambancin jigawa da fadama ba. Kuma mace ce kaɗai za ta shiga cikin gida ta zauna da matan da ke hura murhu, waɗanda su ne suka fi kowa sanin tsadar itacen girki.

Ga masu niyyar nema kuwa, ga abin da na koya a wahalce. Ku fara neman takardar sakamakon jarrabawarku ta digirin farko da wuri, domin tamu sai da muka yi zarya har sau uku kafin ta fito. Ku haɗa shaidar bautar ƙasa da ta sakandare, ku nemi malaman da suka san ku da gaske su tsaya muku, ku cike fom ta intanet da kanku, kada ku bar wa mai shagon kwamfuta ya rubuta muku abin da ya ga dama.

Mafi muhimmanci shi ne bayanin abin da kake son bincikawa. Na farkon da 'yata ta rubuta, da ta fassara mini, sai na ji ƙanƙarar ƙarshen duniya da tekuna da hayaƙin masana'antu. Na ce mata, "Ke, ni ban yi jami'a ba, amma na san littafin da bai fara daga tsakar gida ba, ba ya ƙarewa a hannun mai karatu. Ina Kanya a cikin wannan?" Ta yi fushi kwana biyu, sannan ta ɗauki littafin rubutu ta bi tsofaffin manoma da matan unguwa. Ta dawo da tambaya ɗaya: me ke sa wani manomi a yankin Babura ya bar tohon gawo a gonarsa, maƙwabcinsa kuma ya share nasa? Ta ce, "Umma, ashe tambayar tana bayan gidanmu."

A nan dole in juyo kanmu mu marubuta. Littattafai nawa muka rubuta, ni ma a ciki, da jarumar ta zama likita ko barista, jarumin kuma ɗan kasuwa mai hawa jirgi? Ko sau ɗaya mun taɓa nuna yarinya mai aji tana auna zurfin rijiya ko tana sasanta manomi da makiyayi? Mu muka taya iyaye raina irin wannan karatu, don haka da bakinmu a cikin tambayar Yaya. Na yi niyyar gyara nawa a littafi na gaba in Allah Ya yarda.

Yanzu dai an tura fom, kuɗin kuwa daga ɗan abin da littattafaina suka kawo ne. Yaya bai ce ya amince ba, bai kuma ce a fasa ba, ya ce a jira sunaye su fito tukuna. Ranar Juma'ar da ta wuce an gan shi a gonarsa ya hana ɗan ƙwadago sare wani ɗan gawo, ban dai tambaye shi dalili ba.

Ina roƙon ku taya mu da addu'a. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba mu damina mai albarka, amin. Wassalam.