DUNIYAR MOTOCI: Kunamar Italiya Da Masu Kwaikwayonta

Yau za mu leƙa ƙasar Italiya ne, mu duba wata 'yar mota mai kujera biyu da ake kira Fiat 124 Sport Spider, da kuma wata al'ada da ta yaɗu tsakanin masu sha'awar tsofaffin motoci a Turai, watau su sayi wannan mota su kwance ta ƙarfe-ƙarfe, sa'an nan su sake gina ta da siffar 'yar'uwarta ta tseren rali.

An fara nuna wannan mota ga jama'a a bikin baje kolin motoci na birnin Turin a 1966. Kamfanin Pininfarina ne ya zana jikinta, injinta kuwa aikin Aurelio Lampredi ne, wanda a da yake tsara wa Ferrari injuna. Wanda ya taɓa shiga Lada a nan ƙasar ya ɗan san danginta, domin Lada ta Rasha da wannan mota duk daga Fiat 124 mai ƙofa huɗu suka samo asali, sai dai ɗaya ta zama jakin dako, ɗayar kuma ta zama dokin sukuwa. An yi ta ƙera ta har 1985, jimlar da aka yi ta kusa 200,000, kuma mafi yawansu Amurka aka kai.

To, shi tseren rali ba a kan shimfiɗaɗɗen fili ake yinsa ba. Hanyoyin daji ne da na duwatsu, cikin laka ko ƙura ko ƙanƙara, dare da rana, direba na tuƙi, abokinsa na gefe yana karanto masa kwanar da ke gaba. A 1971 Fiat ta sayi kamfanin Abarth, mai tambarin kunama, ta ɗora masa aikin shirya mata motocin tsere. Dokar gasar a lokacin ta ce ba za a yarda mota ta shiga wannan aji ba sai an ƙera irinta guda 500 don sayarwa. Wannan doka ita ce ta haifi Fiat 124 Abarth Rally a ƙarshen 1972, kuma duk abin da aka ƙera bai wuce kimanin 1,000 ba.

Ta yi rawar gani kuwa. A 1973 Achim Warmbold ya ci ralin Polan da ita, ralin da motoci uku kacal suka kai ƙarshensa, kuma mai karanta masa hanya shi ne Jean Todt, wanda daga baya ya shugabanci hukumar tseren motoci ta duniya. A Fotugal a 1974 ta kwashe na ɗaya da na biyu da na uku, Raffaele Pinto a gaba, a shekarar da ta biyo baya kuma Markku Alén ya sake ci a can. Amma fa kambin duniya bai zo hannunta ba. Shekara uku a jere Fiat tana zuwa ta biyu, da farko a bayan Alpine ta Faransa, sa'an nan sau biyu a bayan Lancia, wadda ita ma mallakar Fiat ce. A 1976 Fiat 131 Abarth ta gaje ta.

Mota dubu ɗaya ba za ta ishi masu sonta ba, waɗanda suka rage kuma kuɗinsu a gwanjo ya ninka na Spider ta yau da kullum sau da yawa. Saboda haka mai ƙaramin ƙarfi sai ya nemi Spider, galibi wadda aka komo da ita daga sassan Amurka masu ƙarancin ruwan sama inda tsatsa ba ta ci ta ba, ya shiga aiki. Zai cire manyan bambobin nan masu nauyi da dokar Amurka ta tilasta. Zai sa bonet da murfin but na faiba, ya shafa musu baƙin fenti marar ƙyalli don kada hasken rana ya kashe wa direba ido, ya maye rufin tamfol da rufi mai tauri, ya kafa ƙarfen kariya a bayan kujeru, ya jera fitilu a gaba. A injin kuma ya ɗora kafireta biyu na Weber, yana neman ƙarfin doki 128 da ta asali take da shi a injinta mai cc 1,756, tun da dokokin hayaƙi na Amurka sun shaƙe waɗanda aka kai can har wasu ba su kai doki 90 ba.

Duk wannan mai yiwuwa ne ga bakanike mai haƙuri. Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarƙashin mota ta baya. A Spider ƙafafun baya biyu sandar ƙarfe guda ce ta haɗa su, in ɗaya ta faɗa rami ɗayar ma sai ta ji. A Abarth kuwa kowace ƙafa cin gashin kanta take yi, kuma an sake fasalin ƙasan motar musamman domin haka. Sauya wannan aiki ne na walda da awo mai cin kuɗi ƙwarai, shi ya sa yawancin masu kwaikwayo suke barinsa yadda yake. Ƙofofin ta asali ma fatarsu ta alminiyam ce, kuma ba kowa ke kai wa nan ba. Saboda haka mai saye da ya san abin da yake yi ba ya tsayawa kallon fenti da kunamar da aka manna. Durƙusawa yake yi ya leƙa ƙasa, ya ɗora mayen ƙarfe a ƙofa ya ga ko zai kama, sa'an nan ya duba lambar jikin motar ya ga ko akwai haruffan CSA, waɗanda Abarth kaɗai aka ba.

Akwai masu ganin wannan aiki ɓarna ce tun daga tushe. Suna cewa kowace Spider mai lafiya da aka yanka, an rage tarihi ne don a yi abin da ba shi da tarihi. Ni dai ban tafi tare da su gaba ɗaya ba. Motar da aka yi kusan 200,000 ba za ta ƙare don an sauya wasu ba, musamman in wadda aka ɗauko dama tana jibge ne a bayan gida kaji na ƙwai a cikinta. Kuma ta kwaikwayo tana da wata fa'ida: mai ita ba ya jin tsoron shiga tsakuwa da ita a gasar tsofaffin motoci, alhali mai ta asali yakan kulle tasa a gareji, yana tsoron dutse ɗaya ya zubar masa da dukiya.

Abin da ba ni da sassauci a kansa shi ne sunan da za a kira ta ranar sayarwa. Wanda ya gina ta yakan faɗi gaskiya, har da alfahari, yana nuna hotunan aikinsa. Amma mota takan fi mai ita daɗewa. Ta bar hannu na farko a matsayin kwaikwayo, a hannu na biyu a ce ai an yi mata aikin Abarth, kafin ta kai hannu na huɗu hotunan sun ɓace, wani ya buga sabuwar lamba, wani bawan Allah kuma ya biya kuɗin kunama ya tafi gida da gizo-gizo. Shi ya sa nake ganin wajibi ne maginin ya bar lambar asali yadda Fiat ta buga ta, ya rubuta duk abin da ya sauya da ranar da ya sauya shi, takardar kuma ta riƙa bin motar duk hannun da ta shiga.