Kana son sauya muryar amfilifaya? Fara da batir tukuna

A wannan makon wani ɗan aji biyar daga Safana ne ya aiko da tambaya. Ya ce kawunsa ya ba shi wata tsohuwar ƙaramar amfilifayar jita, irin mai ƙwayayen gilashi a ciki da ke yin ja idan an kunna, amma muryarta ta yi kaifi har tana sukar kunne. Yana son ya buɗe ta ya sauya wani abu don muryar ta yi kauri. Amsa a taƙaice: ana iya yi, aikin ma ba shi da yawa, amma kada ka sa hannu cikin wannan akwati yanzu.

Waɗannan ƙwayayen gilashi su ake kira bawul a Ingila, tiyub a Amurka. Lee de Forest ne ya ƙirƙiro irin wanda ke ƙara ƙarfin sauti a 1906, kuma da su rediyoyin kakanninmu suka yi aiki kafin tiransista, wadda aka ƙirƙiro a 1947, ta ture su. Makaɗan jita dai ba su rabu da su ba har yau, don suna son ɗumin sautinsu. Wata ƙarama da ta yi suna, Fender Champ, ta fito a 1948, ƙarfinta bai wuce wat 5 ba. Sai dai ƙanƙantarta kada ta ruɗe ka. Wutar lantarki da ke shiga gidajenmu bolt 230 ce, amma cikin irin wannan amfilifaya akwai taransifoma da ke ɗaga ta ta haura bolt 300. Abin da ya fi muni, manyan kwandansan da ke ciki suna iya riƙe wutar ko bayan an zare fulogi. Mutum zai ga ya kashe komai, ya kai yatsa, wuta ta fizge shi, kuma tana iya tsayar da zuciya.

To, me ke sauya murya? Abubuwa biyu ne kacal: rasista da kwandansa, wadda littafinku na Fiziks ke kira kapasita. Ɗabi'ar kwandansa ita ce tana barin sauti mai kaifi ya ratsa ta cikin sauƙi, tana tare mai kauri. Idan ka ɗora ta tsakanin hanyar sautin da wayar ƙasa, wato wadda ke haɗe da gefen batir mai alamar ragi, sai kaifin ya zurare ta nan ya ɓace, kaurin ya wuce zuwa lasifika. Kamar manomin rani ne da ya fasa wuriya a gefen kwalbati, wani ruwan ya bi ta can. Wannan maɓallin da kake murzawa a rediyo murya ta yi kauri, aikin da yake yi ke nan: yana faɗaɗa wuriyar ko ya tsuke ta.

Duk wannan za ka iya gwada shi da batir mai bolt 9, wanda ko harshe ka sa masa iyakarsa ɗan tsami. Nemi ƙaramin aisi mai lamba LM386, ƙaramar lasifika daga mataccen rediyo, da rasista mai 10k. Masu gyaran rediyo a kasuwar Batsari ko Dutsin-Ma ba sa rasa tarin matattun allunan da za a ciro kaya daga jikinsu. Abin da ba a samu ba, a ba mai zuwa Katsina ko Sabon Garin Kano saƙo. Ba sai kana da jita ba, sautin wayar salula ya isa. Sa rasistar a kan hanyar da sautin ke bi ya shiga ƙafa ta 3 ta aisin, sannan ka ɗora kwandansa daga bayan rasistar zuwa ƙasa.

Nan ne daɗin yake. Dubi lambar da ke jikin ƙananan kwandansan. Idan ka ga 103, ma'anarta 10 da sifili uku, wato pikofarad 10,000. Haka 223 ke nufin 22,000, 473 kuma 47,000. Akwai lissafin da ke nuna inda kaifi zai fara raguwa: 1 a raba da 2πRC. Da rasistar 10k, mai 103 za ta fara rage sautin da ya haura kaɗawa kusan 1,600 a daƙiƙa. Mai 223 ta sauko da iyakar zuwa kusan 720, mai 473 kuwa kusan 340, inda za ka ji kamar mawaƙin ya toshe bakinsa da rawani. Yi lissafin a littafi kafin ka kunna, sannan ka bar kunnenka ya gaskata shi. Abu guda za ka riƙa sauyawa a kowane gwaji, da waƙa guda, kana rubuta abin da ka ji. Wanda ya sauya uku a tare ba zai san wanne ya yi aikin ba.

Kada wani ya raina wannan farawa. Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Jamhuriyar Nijar da ke zagaya Turai da Amurka, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Ita kuwa amfilifayar kawu, idan kunnenka ya riga ya san lambar da yake so, ɗauke ta ka kai wa tsohon mai gyara wanda ya taɓa aiki da bawul. Shi zai sauke wutar da ke cikin kwandansan ta hanyar rasista, ya auna da mita ya tabbatar babu saura, kafin ya kawo dalma kusa. Ka tsaya ka kalla, ka yi tambaya. Kuma ka lura da abu ɗaya: kwandansar da ka ciro daga rediyo wataƙila bolt 50 kawai take ɗauka, alhali wadda za a sa a mafi yawan wurare cikin amfilifayar bawul sai mai ɗaukar bolt 400 zuwa 600. Lambar na iya zama iri ɗaya, 223 a nan 223 a can, amma ƙaramar za ta ƙone, ta yiwu ta ja wasu kayan su lalace tare da ita.

Mako mai zuwa za mu ɗora maɓallin murzawa a kan wannan haɗin na batir, don haka a adana kayan.