A Koya wa Ɗalibai Katse Hanzarin Na'ura

Idan ƙaya ta soki mutum a ƙafa, jijiya kan kai saƙo ga laka nan take, ƙafar ta janye tun kafin ya ankara. Haka ya kamata na'urar da ɗalibi ya harhaɗa ta kasance.

Galibi akan fara koya wa ɗalibai su sa ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki ta riƙa leƙa maɓalli ba hutawa. Wannan hanya tana cin batir, kuma in na'urar ta shagala da wani aiki, sai a danna maɓallin ba ta sani ba.

Alhali ATmega328P, ƙwaƙwalwar allon Arduino Uno, tana da ƙafafu 23 waɗanda sauyin lantarki a kansu ke iya katse mata hanzari, ko da barci take yi. Sai dai akwai sharuɗɗa biyu. Ƙafafun rukuni 3 ne, don haka dole umarnin ɗalibi ya tantance wadda aka taɓa. Sannan maɓalli yakan yi karkarwa, sai an dakata kamar milisakan 20 don kada dannawa ɗaya ta zama biyar.

Wajibi ne malamai su gabatar da wannan darasi da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.