Ron Barassi bai yi wa Melbourne butulci ba

A ƙarshen shekarar 1964, labari ɗaya ya karaɗe birnin Melbourne na ƙasar Ostiraliya: Ron Barassi, kyaftin ɗin ƙungiyar Melbourne wanda bai jima da ɗaga mata kofi ba, zai koma ƙungiyar Carlton. Magoya baya da yawa suka ce ya ci amana. Fushinsu yana da dalili, amma hukuncinsu bai yi daidai ba.

Wasan da ake magana a kai ƙwallo ce ta Ostiraliya zalla, ba irin wadda aka saba kallo a gidajen kallon ƙwallo ba. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, filin ma haka, kuma kowane ɓangare 'yan wasa 18 ne. Ana buga ta da ƙafa, ana cafe ta a sama, ba a jifa da ita sai dai a naushe ta da dunƙulen hannu zuwa ga abokin wasa. Wadda aka buga da ƙafa ta ratsa tsakanin dogayen sanduna biyu na tsakiya maki 6 ce.

An haifi Barassi a Castlemaine a 1936. Mahaifinsa ɗan wasan Melbourne ne, ya ci kofi da ita a 1940, ya shiga soja, aka kashe shi a Tobruk ta ƙasar Libiya a 1941, yaron yana ɗan shekara 5. Abokan marigayin suka ɗauki alkawarin kula da matarsa da ɗansa, kuma sun cika. A lokacin unguwar da yaro ke zaune ita ke yanke ƙungiyar da zai buga wa, don haka Melbourne ta matsa har aka kafa dokar da ke ba ƙungiya damar ɗaukar ɗan tsohon ɗan wasanta, dokar da ake aiki da ita har yau. Kocinta Norm Smith ya ba saurayin ɗaki a bayan gidansa, ya zame masa uba. Barassi ya fara buga wa manya a 1953 da lamba 31, lambar mahaifinsa.

Wanda aka yi wa wannan riƙo, ina shi ina tafiya? Tambayar da mutane suka riƙa yi ke nan.

Amsar farko tana cikin abin da ya bari a baya: wasanni 204 da kofuna 6, na 1955, 1956, 1957, 1959, 1960 da 1964, biyun ƙarshe yana kyaftin. In bashi ne, ya biya da gumi. Amsa ta biyu ta fi nauyi. Barassi yana son zama koci, kujerar kocin Melbourne kuwa mai riƙonsa ne a kanta. An ruwaito cewa Smith ya yi tayin sauka ya ba shi wuri, shi kuma ya ƙi. Ashe zaɓinsa biyu ne: ya ture mutumin da ya raine shi, ko ya fita ya nemi nasa. Ɗan halak na biyun zai ɗauka, ko da za a zage shi a kan titi.

Carlton rabonta da kofi tun 1947. Barassi ya kawo mata shi a 1968 a matsayin koci, sannan aka zo wasan ƙarshe na 1970 tsakaninta da Collingwood, wanda har yau ake ba da labarinsa. Mutum 121,696 suka cika filin MCG, taron da ba a sake ganin irinsa ba a wannan wasa. Da aka tafi hutun rabin lokaci Collingwood na gaba da maki 44. A wancan zamani mai tsaron baya in ya samu ƙwallo sai ya sheme ta can nesa, don miƙa ta da hannu a kusa da gida ana ganinsa ganganci ne. Barassi ya umarci yaransa su yi gangancin: kada a tsaya, a naushe ta ga na kusa, a ruga. Ya sako Ted Hopkins, wani saurayi da ke zaune a benci, yaron ya zura ƙwallaye 4. Carlton ta ci da tazarar maki 10, kuma masana da dama daga ranar suke ƙirga farkon salon wasan na zamani.

Wata ƙungiyar kuma, North Melbourne, ita ce ta ƙarshe a tebur a 1972. Barassi ya karɓe ta a matsayin koci a 1973, a 1975 ta ɗauki kofinta na farko tun shigarta gasar a 1925, ta ƙara a 1977.

Ba duk halinsa ne abin koyi ba. Yana da zafin rai, yakan tsaya a gaban ɗan wasa ya balbale shi da faɗa a bainar jama'a, kuma ba kowane yaro ne irin wannan ke gyarawa ba. Sai dai zafin nan bai tsaya a fili ba. A daren shiga sabuwar shekarar 2009, yana ɗan shekara 72, ya ga ana dukan wata mata a unguwar St Kilda, ya tashi ya kai mata ɗauki, maharan suka juyo kansa suka yi masa duka har ƙasa. Ba a neman mai cin amana a cikin masu irin wannan zuciya.

Zafin da Melbourne ta ji kuwa na gaske ne, domin bayan tafiyarsa ta shekara 57 ba kofi. Ya dawo mata a matsayin koci daga 1981 zuwa 1985, abin bai yi kyau ba, ko matakin neman kofi bai kai ta ba. Amma a wannan zaman ne ya tsaya kai da fata a nemo samari daga Ayalan, masu buga ƙwallon gargajiyar ƙasarsu, a koya musu ta Ostiraliya. Cikinsu akwai Jim Stynes, wanda ya lashe lambar Brownlow ta gwarzon shekara a 1991, daga baya ya zama shugaban ƙungiyar a lokacin da bashi ya yi mata katutu. Barassi ya kuma karɓi ƙungiyar Sydney daga 1993 zuwa 1995 tana ƙasan tebur, a garin da rugbi ke mulki.

Melbourne ta sake ɗaga kofi a 2021 yana raye. Ya rasu ranar 16 ga Satumba, 2023, yana da shekara 87, da kofuna 10 a tarihinsa, 6 a matsayin ɗan wasa, 4 a matsayin koci.