Aikin Ƙarfe Ba Na Wanda Ya Kasa Karatu Ba Ne

A ƙofar gidanmu akwai wata tsohuwar Fijo 504 ta mahaifinmu, wadda ta shekara takwas a kan duwatsu, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Irin wannan mota ta fara fitowa a Faransa a 1968, an kuma daɗe ana haɗa ta a kamfanin Fijo na Kaduna da aka buɗe a 1975. Injin tamu da sauran ƙarfinsa, amma tsatsa ta cinye daɓenta, har mutum kan hangi ƙasa daga mazaunin direba. Baba ya yi niyyar sayar wa 'yan gwangwan, sai Kawu, wanda gyaran jikin mota ne sana'arsa, ya ce a bar mana ita, ni da shi, tsawon hutu.

Da abokaina suka gan ni duƙun-duƙun da tsatsa, sai suka yi ta dariya, wai ɗan sakandare ya koma yaron mai walda. To, jama'a, ga abin da na gani, ku yi mana alƙalanci.

Da farko mun cire batir da tankin mai, domin wuta da fetur ba sa zama wuri ɗaya. Muka yanke ruɓaɓɓen wurin har muka tarar da lafiyayyen ƙarfe. Sa'an nan aka ɗora kwali a ramin, aka zana siffarsa, aka kwafe ta a kan fallen ƙarfe mai kaurin milimita 1. Fallen farko da na yanka bai kai ba, don na mance da ƙara gefen da za a lanƙwasa. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, ina lissafin da ake koya maku?" Ran nan na san amfanin awo da kusurwa.

Na kuma koyi cewa guduma tana miƙar da ƙarfe, zafi kuwa yana murɗe shi. Shi ya sa ake waldar falle ɗigo-ɗigo, nan da can, ana bari yana hucewa. Ana kuma buga masa kwari-kwari kamar kwanon rufi don ya yi ƙarfi. Ashe duk wannan kimiyya ce.

Waɗansu za su ce ai ɓata lokaci ne, a cusa fila a shafe da fenti, a huta. Wannan rufa-rufa ce. Fila ba ta ɗaukar nauyi, tsatsa kuwa na nan tana ci a ƙarƙashi, ran da ta tsage sai kuɗi ya tafi a banza. Amma lalle na yarda ba kowane gyara ake yi a gida ba. In tsatsa ta kama shasi ko wurin da ke riƙe ƙafa, sai gwani, domin rayukan mutane ne a ciki, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu su bar mu mu koyi sana'a lokacin hutu, ba tare da ganin mun zubar da girman boko ba. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, mu daina raina mai baƙin hannu. Takardar shaida ba ta toshe ramin mota.

Yanzu Fijon Baba ita ke kai ƙannena makaranta, ƙafafunsu a kan ƙarfen da na yanka da hannuna. Allah ya sa wa karatunmu da sana'armu albarka, amin.